Me Ya Sa Aka Sauke Jakar Alhaji? Darasi Kan Tashin Jirgin Sama

Editan mujallar nan ya matsa mini lamba in rubuto wani abu daga abin da na koyo a wajen SIWES, da sharaɗin kada ya zama irin abin da muke cike logbuk da shi don kawai a sa mana hannu. To ga shi. Ni ɗan sashen injiniyan kanikanci ne, ina shekarar ƙarshe ta difloma, kuma tun yanzu in faɗa muku ni ba matuƙin jirgi ba ne. Wata huɗu dai na yi a filin jirgin saman Malam Aminu Kano tare da masu lodin kaya da masu haɗa takardar nauyi, ina ɗauka ina saukewa, ina kuma damun mutane da tambaya.

Wata rana cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe biyu, rana ta take har kwalta tana huci, Oganmu ya zo da takarda ya ce a sauke jakunkuna tara daga wani ƙaramin jirgi mai cin mutum hamsin. Tsautsayi ya sa wani dattijo cikin fasinjoji ya hango tasa ana mayar da ita a kan keken kaya. Ya nufo ni kai tsaye. "Kai yaro, makon jiya da safe na bi jirgin nan da jaka biyu, ba wanda ya ce mini uffan. Yau guda ɗaya ce za a bar mini?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, umarni ne daga sama." Ya dube ni ya ce, "Wane sama? Ai jirgin bai tashi ba tukuna."

Mutane suka yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni, don gaskiya ba ni da amsa. Da na tambayi Oga daga baya, abin da ya ce kawai shi ne, "Zafi ne, kuma an ƙara mai saboda akwai hadari a hanya." Ban gane haɗin zafi da jaka ba sai da na je gida Tudun Wada na ba Kawuna labari. Shi direban babbar mota ne, ya shekara fiye da ashirin yana ɗauko masara daga Doguwa zuwa kasuwar Dawanau. Ya ce, "Ɗan boko, ai wannan ba sai an je makaranta ba. Motar da ta hau tudu da asuba tana waƙa, ita ce za ta hau shi da azahar tana nishi, kuma lodi ɗaya ne."

Daga nan na koma kan littattafanmu na ilimin motsin ruwa da iska, na ga ashe amsar Alhaji tana cikin darasin da na yi barci a kansa.

Iska ma tana tsinkewa

Jirgi da iska yake rayuwa ta fuska biyu. Fiffike yana tura iska ƙasa, ita kuma ta ɗaga shi. Inji yana zuƙar iska ya watsa ta baya, ita kuma ta tunkuɗa shi gaba. Duka biyun sun dogara da kaurin iskar, wato nauyinta a kowace kubik mita. Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne a bakin teku, a zafin digiri 15, kubik mita ɗaya ta iska tana da nauyin kilo 1.225. Idan ka hau tudu sai iskar ta ragu. Idan zafi ya ƙaru sai ta buɗe ta tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa: ƙwarya a cike, amma ba ya riƙe ciki.

Filin jirgin Kano yana kan tsayin kimanin ƙafa 1,560 daga teku, wato mita 476. A wannan tsayin, ma'aunin duniya yana sa ran zafi ya zama digiri 12. Ku da kuka san Kano a watan Afrilu kun san wannan mafarki ne. Matuƙa suna da wani gajeren lissafi: duk digiri ɗaya da ya haura abin da ake sa rai, a ƙara ƙafa 120 a kan tsayin filin. In zafi ya kai digiri 40, bambancin 28 ke nan. A ninka da 120, ya ba da ƙafa 3,360. A tara da 1,560, kusan ƙafa 4,900. Wannan adadin shi ake kira densiti altitud, ni kuwa ina ce masa tsayin da jirgi ke ji a jika. Filin jirgin Jos da ke Heipang, can saman tsaunukan da ke kudu da mu in an wuce Doguwa, tsayinsa na gaskiya kimanin ƙafa 4,200 ne. Ke nan da azahar ɗin bazara, jirgin da ke tsaye a Kano ji yake kamar an ɗora shi a wurin da ya fi Jos tudu. Na buga lissafin da kalkuleta, iskar ta ragu da kusan kashi 13 cikin 100. Sai jirgi ya ƙara gudu a ƙasa da kusan kashi 7 kafin fiffikensa ya samu abin da yake samu a bakin teku, kuma injin da zai ba shi gudun shi ma ya yi rauni. Duka biyu a lokaci guda.

Alhaji da safe ya bi jirgin. Mu kuma ƙarfe biyu muke lodi.

Titi ɗaya, tsawo uku

Kano tana da titin jirgi biyu. Babban shi ne 06/24, tsawonsa kimanin mita 3,300. Ƙaramin 05/23 bai kai mita 2,500 ba. Lambobin nan ba lambar gida ba ce, alƙibla ce: 06 yana nufin digiri 60 a kamfas, arewa maso gabas, in ka juyo ta ɗaya bakin kuma 24, digiri 240, kudu maso yamma. Ku lura da cewa ta waɗannan fuskoki biyun ne iskar hunturu da iskar damina suke zuwar mana. Jirgi yana son ya tashi yana fuskantar iska, don tana rage masa gudun da zai yi a ƙasa. Doka kuma ba ta yarda da iska sosai ba: in ta gaba ce, rabinta kawai ake lissafawa, in ta baya ce sai a ɗauke ta ninki ɗaya da rabi.

A takardun matuƙa titi ɗaya yana da tsawo uku. TORA shi ne kwaltar da taya za ta iya gudu a kai. ASDA shi ne TORA haɗe da wani ƙarin wuri mai ƙarfi a ƙarshen titi, in akwai, wanda aka tanada don jirgin da ya fasa tashi ya ƙarasa tsayawa. TODA kuma TORA ne haɗe da sararin da aka share a gaba, ba bishiya ba gini, wanda jirgi zai bi ta samansa yana ƙoƙarin hawa. Kada ku wahalar da kanku da haddace su kamar karatun jarrabawa. Tambayoyi biyu suke amsawa: in na fasa, ina da wurin tsayawa? In na ci gaba, ina da wurin hawa?

Gudun yanke shawara

A nan ne abin ya fi burge ni. Duk lissafin tashin jirgin fasinja an gina shi ne a kan zaton cewa inji ɗaya zai mutu a mafi munin lokaci. Ba fata ake yi ba, kuma da wuya ya faru. Amma ba a yarda jirgi ya motsa ba sai takarda ta nuna cewa ko ya faru za a tsira.

Wanda ya taɓa shiga Sharon daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, ko ya ratsa dajin Falgore, ya san lokacin nan da direba ya fito zai wuce tirela sai ga mota ta ɓullo a gaba. Akwai wurin da in ya taka birki zai iya komawa bayan tirelar. Akwai wurin da in ya wuce shi, taka birki shi ne halaka, sai dai ya ƙara wuta. Direbanmu a take yake yanke wannan shawarar, da ido da ƙarfin hali, mu kuma muna ta salati a baya. Matuƙin jirgi tun yana tsaye a ƙofar hawa ya riga ya fitar da wannan wurin da lamba. Sunansa V1, ana furta shi bi-wan.

V1 shi ne gudu na ƙarshe da matuƙi zai iya fara tsayar da jirgi kuma ya tsaya cikin ASDA. Shi ne kuma gudun da in inji ya mutu dab da shi, ragowar injin zai iya ƙarasa tashin cikin TODA. Tun farkon gudu hannun kyaftin yana kan sandunan ba inji wuta, a shirye ya ja su baya. Da abokin tuƙinsa ya ce "bi-wan", sai ya ɗauke hannun. Ɗauke hannun nan da gangan ake koyar da shi, don kada firgita ta sa ya yi abin da lissafi ya riga ya hana. Daga nan ko inji ya kama wuta, tashi za a yi, a zagayo a sauka.

Na san wani zai ce, inji yana cin wuta kuma a tashi? Ni ma haka na ce. Mu yi lissafi. Gudun jirgi da not ake auna shi, not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Jirgi irin Boeing 737 da lodi yakan kai wajen not 150 kafin ya bar ƙasa, wato kilomita 278 a awa, mita 77 a kowane sakan. Sakan biyu na "in tsaya ko in tafi" sun cinye mita 154, fiye da tsawon filin ƙwallo. Sannan ku tuna rabin nauyi sau gudu sau gudu da aka koya mana tun aji ɗaya. Jirgi mai tan 70 a wannan gudun yana ɗauke da ƙarfin motsi kimanin megajul 207. Motar Kawu mai tan 30 a gudun kilomita 80 tana da kimanin 7.4. Birkin jirgin ke nan zai tsayar da kwatankwacin motar Kawu 28 a lokaci guda, ya mayar da duk ƙarfin nan zafi. Shi ya sa bayan an fasa tashi a babban gudu ake kiran motar kashe gobara ta duba tayoyi.

Kafin V1 akwai wani kira a not 80 a jiragen Boeing, ko 100 a na Airbus. A nan matuƙan biyu suke tabbatar da cewa agogon gudunsu ya yi daidai da juna. Ƙasa da haka ƙaramar matsala ma tana iya sa a fasa. Sama da haka sai babba, irin wuta ko mutuwar inji. V1 kuma ba a rage shi yadda aka ga dama, don akwai wani gudu, Vmcg, wanda ƙasa da shi faifan jela ba shi da isasshiyar iskar da zai miƙar da jirgin da inji ɗaya ke jan sa gefe.

Bayan V1 sai VR, inda ake cewa "rotet". Matuƙi ya jawo sitiyari a hankali, hanci ya ɗaga da kimanin digiri 2 zuwa 3 a sakan. In ya yi garaje, jela ta daki kwalta. In ya yi nawa, titi ya ƙare. Sai V2, gudun da dole jirgi ya samu kafin ya kai tsayin ƙafa 35, kamar bene mai hawa uku. Shi ne gudun da zai riƙe ya hau lafiya da inji ɗaya. Waɗannan lambobin uku ba a rubuce suke a jikin jirgi kamar lambar mota ba. Kowace tafiya sai an fitar da sababbi, daga nauyin ranar, zafin lokacin, iska, tsawon titi, jiƙewarsa ko bushewarsa, da yadda aka buɗe filaf, wato faifan da ke zamowa a bayan fiffike ya ƙara masa faɗi.

Hawa da rarar ƙarfi ake yin sa

Barin ƙasa rabin aiki ne. Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa: saurin hawa, wato ƙafa nawa a minti, da tsinin hawa, wato tsayi nawa aka samu a kowace tazarar da aka ci gaba. Mai gida a ƙarshen titin jirgi ba ruwansa da minti nawa, tsinin ne ya dame shi.

An kasa hawan farko gaɓa huɗu, amma ta biyu ce ta fi hana masu lissafi sakat. Tana farawa daga lokacin da tayoyi suka shige ciki har zuwa aƙalla ƙafa 400, ana riƙe da V2. Doka ta ce jirgi mai inji biyu, da ɗaya a mace, dole ya iya hawa da tsinin kashi 2.4 cikin 100. Mai inji uku 2.7, mai huɗu 3.0. Kashi 2.4 fa mita 24 ne a kowace kilomita. Hawan da mai keke zai yi a hanyar Riruwai ba tare da ya sauka ya tura ba ya fi wannan tsini. A gudun not 150 bai wuce ƙafa 365 a minti ba, alhali da inji biyu lafiya jirgin yakan yi dubu biyu ko fiye.

Me ya sa rasa rabin inji yake cinye kusan duk hawan? Ɗalibi ya fi kowa sanin amsa. A ce ana turo maka naira 100, abinci da kuɗin mota suna cin 40, rararka 60. Aka rage turowar ta koma 50, ga kuma ɗawainiya ta ƙaru zuwa 45, don mataccen inji shi ma ja yake da baya. Rararka ta dawo 5. Jirgi da rarar nan yake hawa. Zafi yana rage turowa, nauyi yana ƙara ɗawainiya, rara ta ƙare. Shi ya sa ko titi ya kai daga Kano zuwa Bebeji, in jirgi ba zai iya kashi 2.4 ba sai an rage nauyi. Ba a iya rage zafi. Ba a taɓa man da doka ta wajabta. Abin da ya rage fasinja ne da kaya, kuma gara a bar jaka da a bar mai ita.

Ba a nan aka tsaya ba. Ana zaftare kashi 0.8 daga abin da jirgi mai inji biyu zai iya, sannan a ce da wannan ragaggen hawan dole ya tsallake kowane gini, bishiya ko turken waya da ke kan hanyarsa da ƙafa 35. Wannan ne dalilin da ya sa hukumar NCAA take da ta cewa a kan tsawon gini da turakun sadarwa kusa da filin jirgi. Ku 'yan sashen gine-gine da safiyo, wannan naku ne.

Gwammaja, 4 ga Mayu 2002

Ni ban san wannan ranar da wayona ba, a bakin manya na ji, daga baya na karanta. Ranar Asabar ce, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a tsakiyar zafin bazara. Jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11, wanda ya taso daga Jos ya ya da zango a Kano, ya kama hanyar Legas. Ana gyaran babban titi a lokacin, don haka ta ƙaramin ya bi. Kwalta ta ƙare bai ɗaga ba. Ya ci gaba da gudu a cikin ƙasa da ciyawa, ƙurar da tayoyinsa suka tayar ta shiga injina ta rage musu ƙarfi. Ya samu ya bar ƙasa, amma ba shi da gudun da zai hau da shi. Ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Mutum fiye da 100 suka rasu, na cikin jirgi da waɗanda ke zaune a gidajensu, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.

Masu bincike sun ɗora abin a kan yadda aka gudanar da tashin, sai dai na'urorin naɗar bayanan jirgin ba su ba da abin da za a yi aiki da shi ba, don haka ba a ji abin da ya gudana tsakanin matuƙan ba. Ba ni da hurumin yanke wa mamata hukunci. Amma ku sake karanta labarin da kalmomin da muka koya: gajeren TORA, iska a tsinke, V2 bai samu ba, rarar hawa babu. Bayan haɗarin gwamnati ta dakatar da wannan samfurin jirgi a Najeriya.

Kada kuma a ce matsalar tsofaffin jirage ce kawai. A watan Maris na 2009 a birnin Melbon na Ostareliya, matuƙan wani Airbus A340 na kamfanin Emirates sun shigar wa kwamfuta nauyin tan 262.9 maimakon 362.9. Lamba ɗaya tak, tan 100. Yawancin lokaci ba a ba inji cikakkiyar wuta wajen tashi, don a tsawaita rayuwarsa. In titi da nauyi sun ba da dama, kwamfuta takan rage. Ita kuwa ta yarda da abin da aka gaya mata, ta ba da wuta kaɗan da ƙananan lambobin V. Jirgin ya daki jela, ya wuce ƙarshen titi, da ƙyar ya tashi bayan kyaftin ya tura wuta gaba ɗaya. Ba wanda ya rasu. Tun da na karanta wannan na daina raina aikin Oganmu. Lambar da muke rubutawa bayan mun ɗora jaka a sikeli, ita ce take ƙarewa a cikin kwamfutar nan.

In kun ji inji ya yi shiru

Ga wani abu don masu zuwa Umara ko Abuja karon farko. Jim kaɗan da tashi, wajen ƙafa 1,000 zuwa 1,500, za ku ji ƙarar inji ta ragu, hanci ya ɗan sunkuya, cikinku ya ba da wani ƙulululu. A nan ake jin "Innalillahi" daga kujerun baya. Lafiya lau ne. Wutar tashi tana da iyakar lokaci, yawanci minti 5, ko 10 a wasu jiragen in inji ɗaya ya mutu, don haka ake komawa wutar hawa. Sunkuyawar kuma don jirgi ya tara gudu ne a naɗe filaf. Daga nan yakan riƙe not 250 har ƙafa 10,000, sannan ya sake jiki. Jirgin da kuke hangowa ƙarami kamar shirwa a saitin dam ɗin Tiga ya nufi kudu, ya riga ya gama da duk abin da muka yi magana a kai.

Jakar Alhaji ta bi jirgin washegari na ƙarfe bakwai, ni da kaina na ɗora ta. Da na koma gida hutu na zayyana wa Kawu duk wannan, har da V1 da misalin wuce tirela. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "To shi matuƙin, in ya ce lodi ya yi yawa, mai kayan yana iya kiran mai jirgin a waya ya ce a ƙara buhu goma?" Na ce a'a, Kawu, in kyaftin bai sa hannu a takardar nauyi ba jirgi ba ya motsi. Ya yi shiru, ya ce in rubuto masa wannan a takarda zai kai ofishin ƙungiyarsu.